Dutsen Fairuz: Asalinsa, Yadda Ake Gane Na Gaske, da Yadda Ake Riƙonsa

Zoben mahaifina ne ya koya mini fairuz, Allah ya jiƙansa. Daga Madina ya zo da shi shekarar da ya sauke farali. Azurfa ce mai kauri, a kanta an dasa wani ɗan dutse mulmulalle, shuɗi garau kamar sararin sama bayan an ɗauke ruwa. Da ya rasu aka ba ni, na zura a yatsa ban ƙara cirewa ba. Da shi nake alwala, da shi nake cin tuwo, ranar Juma'a in tsiyaya turaren mai a tafin hannu in murza, zobe yana nan. Kafin a yi damina uku shuɗin nan ya tafi, dutsen ya koma kore mai duhu kamar miyar kuka da ta kwana.

Na kai wa wani dattijo maƙerin azurfa. Ya juya shi a hasken ƙofa, ya kai hanci ya shinshina, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, wa ya ce maka ana ba wannan dutsen turare?"

Na ce, "Baba, ba za a iya wanke shi ba?"

Ya girgiza kai. "Abin da ya sha, ya sha."

Maganar nan ita ce kan komai. Fairuz dutse ne mai sha. Jikinsa cike yake da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani, kuma mai, da zufa, da sabulu, da turare duk ta nan suke shiga su zauna. Wanda ya riƙe wannan, sauran ka'idojin za su zo masa da sauƙi.

Abin da dutsen ya ƙunsa

A ƙasashe masu fari ake samunsa. Ɗan ruwan saman da ke sauka a irin wuraren nan yana tsatsafa ta cikin duwatsun da ke da jan ƙarfe, ya haɗu da alminiyam da sinadarin fosfet, a hankali a hankali abin ya daskare cikin tsagogin dutse, ba da nisa sosai a ƙarƙashin ƙasa ba. Jan ƙarfe ke ba shi shuɗi. In baƙin ƙarfe ya shiga ciki, sai launin ya karkata zuwa kore. Jijiyoyin nan baƙaƙe ko masu ruwan ƙasa da ake gani a jikinsa, wani lokaci kamar saƙar gizo-gizo, ragowar uwar dutsen ce da ya tsiro a cikinta. Akwai kuma ruwa ɗaure a cikin ginin jikinsa, shi ya sa wuta ke lalata shi.

A ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, wanda ke tashi daga 1 zuwa 10, fairuz yana tsakanin 5 da 6. Daiman yana kan 10, ƙwayar yashi tana kan 7. A riƙe lambar yashin nan, za mu dawo kanta in mun zo maganar ƙurar hunturu.

Inda ya fito

Sunan da muka san shi da shi daga Larabci ya zo mana, Larabawa kuma daga Farisanci suka ɗauka, inda tushen kalmar ke nufin nasara. Turawa sun laƙaba masa suna daga Faransanci mai ma'anar dutsen Turkiyya, domin ta hannun fataken can ya isa gare su, alhali daga Iran ake haƙo shi. Ma'adinan da suka fi shahara suna kusa da Naisabur a yankin Khurasan, garin Imam Muslim mai Sahihi. An fi shekara 2,000 ana haƙa a duwatsun nan, har yau ba a daina ba. A Mashhad ake yanka mafi yawansa a goge, masu ziyara su saya su tafi da shi tsaraba. Mutanen Iran sun fi daraja shuɗi tsantsa marar jijiya ko ɗaya, kuma da wannan ma'aunin aka daɗe ana auna fairuz a kasuwannin duniya.

Misirawan dā sun riga kowa barin shaida. A yankin Sina'i suka haƙa shi, a Wadi Magara da Sarabiɗ al-Khadim, inda har suka gina ɗakin bauta ga Hathor, wadda suke kira uwargijiyar fairuz. An sami mundaye masu duwatsunsa a kabarin sarki Djer a Abidos, na wajen shekara 3,000 kafin haihuwar Annabi Isa. Fuskar zinariyar nan ta Fir'auna Tutankhamun, wanda aka gano kabarinsa a 1922, ita ma akwai fairuz cikin duwatsun da aka dasa mata.

Can ƙetaren teku, mutanen Aztek na Meziko suna fasa shi ƙanana su manna a kan katako. Macijin nan mai kai biyu da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan aikinsu ne. A kudu maso yammacin Amurka kuwa, a kwarin Chaco, masu tonon tarihi sun tattara gutsattsarin fairuz fiye da 200,000 daga garuruwan da aka zauna wajen shekara 1,000 da suka wuce. A wurin ƙabilar Nabaho, ɗaya daga cikin duwatsu huɗu masu tsarki da suka kewaye ƙasarsu, na kudu, da fairuz ake danganta shi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, haɗa fairuz da azurfa a wurin Nabaho bai daɗe haka ba. A tsakiyar ƙarni na 19 wani mai suna Atsidi Sani ya koyi ƙira daga maƙeran Meziko. Sana'ar ta bazu bayan 1868, da suka koma ƙasarsu daga sansanin da sojan Amurka suka tsare su shekara huɗu, dasa dutsen a kan azurfa kuma sai wajen 1880. Kuɗin azurfa suke narkawa, kamar yadda maƙeranmu da na Buzaye suka riƙa narka riyalin Mariya Tariza su ƙera kayan ado. Maƙwabtansu Zuni suka ƙware a jera 'yan mitsi-mitsin duwatsu kamar ƙwayar shinkafa. Kwaikwayon aikinsu ya yi yawa har sai da Amurka ta kafa doka a 1990, wadda ta haramta sayar da kaya da sunan aikin 'yan asalin ƙasar in ba su suka yi ba.

A Tibet da Ladak ta arewacin Indiya mata na ɗinka shi jere-jere a kan doguwar hular gado da uwa ke bar wa 'yarta. A yau kuwa kaso mai yawa na abin da ke yawo a kasuwa daga lardin Hubei na ƙasar Sin yake fitowa.

Kusan duk inda dutsen nan ya je, an jingina masa kariya. An rataya shi a linzamin doki don kada mahayi ya faɗi, an ce in launinsa ya juya to mai shi na dab da ciwo. Ni dai na ga launin ya juya a yatsana, na kuma san abin da ya juya shi: turare da man miya. Dutse ba ya cuta, ba ya magani. Ado ne, kuma kyansa ya isa dalilin sa shi.

Mataki na farko: san irin wanda ke hannunka

Nan ne aka fi cutar masu saye, don haka zan ɗan daɗe a kai. Sunan fairuz ɗaya ne a bakin mai shago, amma abin da ke cikin gilashinsa kashi-kashi ne.

Akwai na asali, wanda daga haƙa sai yanka sai gogewa, ba a sa masa komai ba. Shi ne mafi tsada, shi ne mafi ƙaranci, shi ne kuma ya fi saurin shan mai. Akwai wanda aka ɗura wa gam: fairuz ne na gaske amma mai taushi kamar alli, sai a tura ruwan roba cikin ƙofofinsa ya taurare, launinsa ya fito. Yawancin abin da ake sayarwa irin wannan ne. Ban ga aibinsa ba muddin an faɗa wa mai saye, kuma ga wanda zai sa zobe kullum shi ya fi dacewa, don ƙofofinsa a toshe suke. Akwai wanda aka haɗa masa da rini a cikin gam ɗin don shuɗin ya ƙara ƙarfi. Akwai wanda aka niƙa ɓarɓashi aka kwaɓa da gam aka matse ya zama bulo, sannan aka yanka. Daga nan sai na jabu tsagwaronsa: fararen duwatsu irin su haulait da magnisait da ake rinawa shuɗi, ko gilashi, ko roba. Haulait ya fi yaudara, domin Allah ya halicce shi da jijiyoyi masu kama da na fairuz. Akwai ma na ɗakin gwaji, wanda Pierre Gilson ya fitar a Faransa a 1972.

Tambayi mai kaya kai tsaye: daga wace ƙasa, kuma an ɗura masa gam ko ba a ɗura ba? Mai gaskiya zai amsa ba tare da kwana-kwana ba. In ya ambaci sunan ma'adini, wannan ƙarin haske ne, amma a yi hattara. Ma'adinin Sleeping Beauty na jihar Arizona ya daina fitar da fairuz tun 2012, farashinsa ya haura, saboda haka in an miƙo maka sarƙa guda da sunansa a kuɗin kwanon shinkafa, ka san inda aka dosa. Araha ba ta ado.

Mataki na biyu: gwaji da ido da hannu

Fita da shi hasken rana, kada ka yarda da fitilar shago. In duwatsun wuya ne, leƙa cikin hudar da zare ya bi. Dutsen da aka rina yakan nuna fari a ciki, don rinin bai ratsa ba. Duba kuma cikin jijiyoyin: in shuɗin ya taru ya yi duhu a tsagogi fiye da sauran jiki, alamar rini ce. Jera duwatsun a tafin hannu ka kwatanta. Na gaske kowanne da fuskarsa. In duk launinsu ɗaya ne sak, zanensu iri ɗaya, to injin ne ya haife su.

Ɗora shi a kumatu. Dutse yana da sanyi da ɗan nauyi, roba kuwa ba ta da nauyi, kuma nan take take ɗaukar ɗumin jiki. In mai kaya ya yarda, ɗiga ruwan goge jan farce a auduga ka ɗan taɓa bayan dutsen, wurin da ba a gani. In auduga ta fito da shuɗi, an rina. A taɓa sau ɗaya a bari, don ruwan nan na cin gam. Gwajin allura mai zafi da wasu ke yi ban ba da shawararsa ba: yana tona asirin roba, amma yana barin tabo a dutsen kirki. Kayan da kuɗinsu ya yi nauyi, a nemi takardar ɗakin gwajin duwatsu, domin akwai gyaran da ido ba zai taɓa kamawa ba.

Mataki na uku: duba ƙarfen

Nemi lambar 925 a cikin zoben ko a maƙullin sarƙa. Ma'anarta kashi 92.5 cikin ɗari azurfa ce. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, in ya kama ka ajiye. Abin da ake kira azurfar Jamus babu ko ɗigon azurfa a cikinsa, haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Sai ka danna dutsen da farce. In yana motsi a gidansa, a gyara kafin ka biya.

Mataki na huɗu: zaman yau da kullum

Ka'idar ɗaya ce: shi ne na ƙarshen sawa, shi ne na farkon cirewa. A yi wanka, a shafa mai, a sa turare, a bari jiki ya shanye, a wanke hannu a tsane, sannan a ɗauko zobe ko 'yan kunne.

Turarukanmu sun fi na kowa haɗari ga wannan dutse, domin na mai ne. Humra, da turaren da ake ɗigawa a wuya da bayan kunne, daidai inda sarƙa da 'yan kunne ke kwanciya suke sauka. 'Yar'uwa, in za ki tsuguna kan kasko, ki cire tukuna, hayaƙin turaren wuta maiƙo gare shi kuma yana lafewa a kan dutse. Haka man kaɗanya, da basilin ɗin da muke laftawa da hunturu. Ranar ƙunshi ma a ajiye shi gefe, lalle rini ne.

A kicin, manja da man gyaɗa su ne manyan abokan gaba, sai lemon tsami da tsamiya, domin tsami na cin fuskar dutsen. Wajen wanki da wanke-wanke, garin sabulu da ruwan bilic duk ba sa shiri da shi. Cin abinci da hannu kuwa, ko dai zoben ya koma hagu ko ya shiga aljihu.

Alwala fa? Ruwa zalla sau ɗaya ba ya kashe fairuz. Matsalar ita ce sau biyar a yini, shekara da shekaru, ruwa na kwanciya a bayan dutsen, balle in an haɗa da sabulu. Na asali a cire shi. A sa a aljihu, kada a ɗora a bakin famfon masallaci ko kan murfin buta, nan zobba da yawa suka yi sallama da masu su. In an manta ya jiƙe, a tsane shi da gefen riga nan take.

Zobe da munduwa sun fi shan wahala saboda suna karo da ƙofa, da sitiyari, da bakin tukunya. Mai aikin hannu da ke son fairuz na asali, gara ya saye shi a abin wuya ko 'yan kunne.

Mataki na biyar: tsabtacewa

Ga inda lambar yashi ta dawo. Ƙurar da hunturu ke kwasowa daga Sahara akwai ɓarɓashin yashi a cikinta, wanda ya fi fairuz tauri. In ka ga dutse ya yi ƙura ka kama murza shi da busasshen tsumma, ka zama mai goge shi da takardar yashi da hannunka. Ba za ka ga komai ranar ba, sai bayan watanni ka ga ƙyallin ya mutu. Don haka a fara hure ƙurar, ko a kaɗe ta da buroshi mai laushi sosai.

Daga nan a sami ƙyallen auduga mai taushi, tsohuwar singileti mai tsabta ta wadatar. A jiƙa gefe ɗaya da ruwa mai ɗan ɗumi, a matse sosai, a shafa dutsen a hankali, a bi da busasshen gefen. Dattin da ya maƙale a lungun azurfa a ciro shi da tsinke da aka naɗa wa auduga. A bar shi ya sha iska a inuwa kafin a ajiye.

Kada a tsoma shi a ruwa a bari ya jiƙa. Maƙera da yawa, musamman a aikin Nabaho, suna shimfiɗa garin katako ko ɗan kwali a ƙarƙashin dutsen don ya zauna daram. In ruwa ya shiga, shimfiɗar ta kumbura ta turo dutsen, ko ta tsaga shi, in ta bushe kuma ya kama girgiɗi. Injin wanke kayan ado mai girgiza ruwa da na tururi, waɗanda masu sayar da gwal ke amfani da su, duk ba na fairuz ba ne. In za ka ba da wankin sarƙa a shago, faɗa musu da bakinka.

Mataki na shida: azurfar da ta yi baƙi

Farar wutar da ke cikin iska ita ke sa azurfa baƙi. A gida mun saba da toka da lemon tsami, ko man goge baki. A kan azurfa zalla mutum ya yi yadda ya ga dama, amma muddin akwai fairuz a jiki, duka ukun a bar su: toka da man goge baki suna karce shi, tsami na cinsa. Ruwan wanke azurfa na kwalba ya fi su ɓarna. A nemi ƙyallen goge azurfa, a riƙe dutsen da babban yatsa a rufe shi, a goge ƙarfen da ke kewaye.

Ba kuma kowane baƙi ake cirewa ba. Wanda ke cikin ramukan zane, sau da yawa maƙeri ne ya sa shi da gangan don zanen ya fito. A tsohon aiki, masu tara kayan tarihi wannan duhun suke biya, wanda ya goge shi tas ya rage wa kayansa kuɗi.

Mataki na bakwai: ajiya

Kowane ɗaya da 'yar jakarsa ta auduga. In aka zuba shi gwangwani ɗaya da sarƙoƙi da aƙiƙ, aƙiƙ zai karce shi don ya fi shi tauri. A jefa ɗan guntun alli a akwatin ya riƙa tsotse laima lokacin damina, a kuma nisanta shi da robar ɗaure kuɗi, tana baƙanta azurfa. Kada a bar shi a bakin taga, ko a gaban mota da zafin bazara. Kada kuma a ajiye shi a durowa ɗaya da kwalaben turare. Duwatsun wuya a kwantar da su, in an rataye zaren na miƙewa. Da zarar an ga rata tsakanin duwatsu ko zare ya fara gashi, a sake shi kafin ya tsinke a tsakiyar taron biki.

Mataki na takwas: in za a kai gyara

Zobe ya matse, ko ƙafarsa ta karye, dole sai an kai wa maƙeri. Kafin ka miƙa, ka tambaye shi ko zai cire dutsen kafin ya sa wuta. In ya ce ba sai an cire ba, karɓi kayanka ka nemi wani. Wutar walda tana korar ruwan da ke jikin fairuz, ya dushe ko ya tsage, wanda aka ɗura wa gam kuma ya ƙone ya yi baƙi. Dutsen da ya faɗo daga gidansa kada a manna shi da gam mai kama nan take, a kai a sake matse masa bakin azurfar. Wanda ya karce sama-sama, mai yankan duwatsu na iya sake goge fuskarsa. Wanda ya sha mai har ciki kuwa babu wankin da zai dawo da shi.

Dattijon nan ya ce in ina so zai cire koren dutsen ya dasa mini sabo. Na ce a'a, Baba, a bar shi, wannan ne mahaifina ya zaɓa da hannunsa a Madina. Sai ya ɗauko wani ɗan ƙarfe mai santsi ya bi bakin azurfar yana dannawa a hankali har dutsen ya daina motsi, ya goge ƙarfen, ya naɗe mini shi a ƙyalle. Yanzu a jakar auduga yake kwana. Ranar Juma'a da ranar Sallah nake ɗauko shi, bayan turaren hannuna ya bushe.